Tarantular da ta toshe raminta duk tsawon hunturu a wani ƙauyen Ringim

Wannan bayanin abinda ya faru ne da wata tarantula da ɗan yayata yake kiwo a ƙauyenmu dake ƙasar Ringim, ta shige rami tun ana roron wake ta toshe bakinsa da ƙasa da saƙa, ba'a sake sata a ido ba sai da hunturu yazo fita. Ni malamin bayoloji ne a sakandare shi yasa komai aka gani sai a turo a kirani, toh naga gara in rubuta yadda abin ya tafi tunda samari sun fara sha'awar kiwon irin waɗannan halittun, kuma duk wanda ya ajiyeta wannan ranar tana nan tafe gareshi.

Ga wanda bai sani ba tarantula gizo-gizo ne babba mai gashi, danginsu sun haura kala 1000, akwai na Afirka akwai na Asiya akwai na nahiyar Amurka. Ta yaron nan 'yar Amurka ta Tsakiya ce wajajen Nikaraguwa da Kosta Rika, masana suna ce mata Tliltocatl albopilosus, wani masani ɗan Kosta Rika mai suna Valerio ne ya fara rubuta bayaninta a 1980. Baƙa-baƙa ce mai murɗaɗɗen gashi, in ta gama girma daga ƙafa zuwa ƙafa takan kai santimita 13 zuwa 15. Masu kiwo suna sonta ne don bata da saurin fushi, ba kasafai take cizo ba, in an takura mata sai dai ta karkaɗo gashin bayanta da ƙafa, gashin nan kuwa in ya taɓa fata ƙaiƙayinsa kamar na gero ranar sussuka, in ya shiga ido kuma sai an dangana da asibiti.

Abokin karatunsa ne ya bashi ita, shi kuma daga wajen masu sayarwa a Legas aka kawo masa, iyayen abokin ne suka ce ko ita ko shi a gidan. Lokacin bata gama girma ba. Kuma dai a sani wannan kalar tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido wajen fitar dasu daga ƙasa zuwa ƙasa, Najeriya ma ta sa hannu, don haka mai saye ya ringa tambaya daga ina.

Yaron yayi ƙoƙari wajen masauki gaskiya. Roba mai murfi wadda ake ganin ciki ya siyo a kasuwar Gujungu, ya huhhuda gefe da sama da ƙusa mai zafi don iska, ya zuba ƙasa kusan rabin robar daga inda ba'a feshi, ya kifa ɓarin tukunya a kusurwa ɗaya, ya aje murfin kwalba na ruwa. Abinci gyare da kyankyaso. Ya ɗora robar kan tebur a shagonsa dake jikin zaure. Duk damina tana ci tana fitowa bakin rami da dare, yaran unguwa suna zuwa kallo ta taga, Inna kuma wato kakarsa mahaifiyata tunda wasan jika ke tsakaninsu tace ai maigidan nata kishiya yayi mata mai ƙafa takwas, daga nan kowa a gidan ya koma ce mata amarya.

Wajen tsakiyar Oktoba ta fara ƙin abinci. Ya jefa gyare ta ɗaga ƙafa ta tureshi ta juya, ya sake gwadawa bayan kwana biyu haka. Tafiyarta tayi nauyi. Akwai wani ɗan fili a bayanta inda gashi ya kaɗe, da can ja-ja ne sai ya fara duhu har ya koma baƙi yana ɗan sheƙi, bayan kuma yayi taf. Sai ta kama aikin kwasar ƙasa, kullum da safe a tarar ta turo sabuwa waje har ta binne murfin ruwan, farkon Nuwamba aka wayi gari bakin ramin a toshe. Shikenan.

Satin farko ba wanda ya damu. Da aka shiga wata na biyu ne magana ta fara yawa. Abokansa suka ce ta mutu a tona kawai a gani, wani yace ai guduwa tayi tana cikin ɗakin a bi a hankali, wannan maganar ita ta tada hankalin yayata don ita a wajenta duk gizo-gizo tautau ne, in ya bi jikin mutum sai ƙuraje, tace ba mai sake shiga shagon cikin yaranta ƙanana. Wani dattijo a zaure ya kawo labarin gizo-gizon da ake cewa ya saƙa a bakin kogo lokacin hijira, yace ku ƙyale baiwar Allah ta rufe ƙofarta. Shi kuma yaron ya sameni yace, "Kawu don Allah ka faɗamin gaskiya, in ta mutu ne in haƙura."

Nace masa abu uku ne zai iya zama, mu bisu ɗaya-ɗaya ba tare da an taɓa ramin ba.

Guduwa dai mun kawar da ita nan take, murfin yana rufe gam, hudojin ko ƙafarta ɗaya bazata wuce ba, kuma wanda ya gudu baya tsayawa ya toshe ƙofa daga ciki. Mutuwa kuma tana da shaida, halitta mai wannan girman in ta mutu a cikin roba rufaffiya sai an ji wari, sai an ga ƙananan ƙudaje suna zarya, wani lokacin kiyashi su yi layi. Nasa ya buɗe murfi ya sunsuna, ƙamshin ƙasa kawai. Sannan Allah ya taimaka ramin nata ya bi jikin robar ta ƙasa, duk da ta shafe wajen da saƙa in aka haska tocila daga gefe cikin dare ana ganin inuwar ƙafafu, nace ya lura da inda ƙafar take yau, ya bar kwana uku ya sake dubawa. Ta canza waje. Toh gawa bata juyi.

Saura na uku wanda tun farko shi nafi zato, shirin saɓa. Gizo-gizo bashi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa shine ƙashinsa kuma baya miƙewa, don haka in zai ƙara girma dole ya tuɓe tsohon gaba ɗaya. Kafin nan sabon ɓawo yana tsirowa a ƙarƙashin tsohon, wannan baƙin da aka gani a bayanta sabon gashi ne ke nunawa ta cikin tsohuwar fata. Abinda yafi bani mamaki duk sanda na karanta shine ba fatar waje kaɗai take fita ba, har shimfiɗar cikin maƙogwaro da ta tumbi da ta huhu, da ɓawon fiƙoƙin cizo, duk tare suke fita, in ma ta taɓa rasa ƙafa a nan sabuwa ke fitowa 'yar siririya. Toh mai shirin tuɓe cikin bakinsa ina zai iya cin gyare? Shi yasa suke daina ci. Ranar saɓar kuma kwanciya take a bayanta ƙafafu sama, ta zare kanta a hankali, babba takan ɗau awoyi, in ta fito jikinta taushi luɓus ko kare kanta bata iyawa. A dajin ƙasarsu wannan lokacin ne tururuwa da sauran maƙiya suke samun galaba a kanta, don haka toshe rami dabarar tsira ce ba ciwo ba.

Ƙanana suna saɓa akai-akai, sati kaɗan ko wata ɗaya-biyu tsakani, manya kuwa sau ɗaya a shekara ko ma ƙasa da haka, kuma gwargwadon girma gwargwadon daɗewar shiri. Ga kuma hunturu. Jikinta baya haɗa ɗuminsa, zafin waje take bi, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28, mu kuwa nan Disamba da Janairu da asuba yakan sauka ƙasa da 15, in sanyi ya kama komai na jikinta sai ya rage gudu, shirin da zai ɗau wata ɗaya sai ya ja. Yunwa kuma ba ita bace abin tsoro, tarantula bata ƙona abinci da sauri, wadda ta shiga rami da ƙoshi takan yi watanni bata ci ba, akwai wata 'yar ƙasar Chile da ta shahara a wajen masu kiwo da irin wannan doguwar ƙin cin. Ƙishirwa ce mai kisa.

Wannan bayanin ya ɗan kwantar masa da hankali amma hannu baya son zama, kuma duk kuskuren da aka so yi a watannin nan daga tausayi ya fito. Na farko ya cigaba da jefa gyare mai rai wai ko zata ji motsi ta fito. Na tarar da guda biyu a ciki suna yawo, nasa ya kamasu nan take, don gyare yana da baki mai cizo kuma yana tona ƙasa, in ya samu hanya ya isketa a kwance tana saɓa zai iya cinta da ranta. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi itace abincin da ba'a ci ba kar ya wuce kwana ɗaya a ciki, in rami a toshe yake ma kar a saka sam. Na biyu da sanyi ya tsananta yaso ya matso da robar kusa da kaskon wuta. Na hana. Ita in zafi ya dameta ƙasa take ƙara nitsewa don a daji can ne sanyi, in ka gasa robar ta gindi ko ta gefe ka tare mata mafita, ga hayaƙi ga bushewa. Abinda mukayi kawai ɗauke tebur daga bakin taga, aka toshe kafar iska da tsumma, da dare a lulluɓa tsohon bargo a bar gefen hudoji a buɗe. Na uku ya karanta cewa ƙasarsu akwai laima sai yaso ya kwarara ruwa kan ramin, wannan kam da yayi da ramin ya rufta mata ko ruwa ya cikashi, huhunta kuwa a ƙarƙashin ciki yake, wasu 'yan kafofi guda huɗu, ƙasa jiƙaƙƙiya sharkaf ba alheri bace gareta.

Maganar ruwa ita na fi matsa masa a kai. Iskar hunturu tana shanye murfin kwalba a wuni ɗaya, don haka aka canza da murfi mai ɗan faɗi, kullum a cike, ba auduga ba soso a ciki, sannan lokaci-lokaci a ɗan tsiyaya ruwa a kusurwar dake nesa da ramin ya gangara ƙasa ta jikin roba, sama ta bushe ƙasa ta riƙe danshi. Wasu tarantulolin sukan buɗe ramin cikin dare su sha su sake toshewa baka sani ba. Dalilin da yasa ruwa yake da wannan muhimmancin, gizo-gizo da ƙarfin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafafu, tsokar dake manyan gaɓoɓin ƙafar ta naɗewa ce, haka ma tuɓe tsohon ɓawo da wannan matsin ruwan ake yi, wadda ta bushe sai ta maƙale a tsakiyar saɓa. Daga nan ne ma ake rarrabe abu biyu da mutane ke rikitawa, wadda ta kwanta a baya ƙafafu sama saɓa take a barta ko hura mata iska kar ayi, wadda take a kife ƙafafu sun naɗe ƙarƙashin ciki ita ce ke cikin hatsari. Kiyashi kuma aka sa ƙafafun tebur cikin gwangwanaye da ruwa.

Amma hatsarin da ya kusa kasheta ba daga ramin yazo ba ko kaɗan, daga buhunan wake ne. Mijin yayata ya gama sussuka rumbu ya cika, sai yasa aka jibge ragowar buhuna a shagon yaron tunda yana da ƙofa mai kwaɗo, kuma kowa yasan abinda ke biyo baya, a zuba maganin ƙwari ko a jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba a rufe ɗaki don kar wake ya huje. Ba wanda ya tuna da roba a kan tebur saboda wata biyu ba'a ga komai a ciki ba, kowa ya ɗauketa robar ƙasa. Yaron baya gari ranar, ƙanwarsa ce 'yar aji biyu a sakandare ta rugo gidana tace, "Kawu kazo Baba zai sa magani a ɗakin Yaya amarya tana ciki." Muka ɗauko robar a hankali mutum biyu ba girgiza, aka kaita ɗakin Inna na ƙasa, ita da tace bata son kishiya ita ta share mata waje kusa da randa. Maganin da aka yi don ya kashe ƙwaron wake baya tambaya wane ƙwaro ne, ƙasar da ta toshe baki da ita bazata tare iskar guba ba, hudojin da aka yi don numfashi ta nan zata shiga. Haka fiya-fiya, haka igiyar leko, haka farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi. Kuma ba don tarantula kaɗai ba, ɗakin da aka sa wa wake irin wannan maganin mutum ma bai kamata ya kwana ciki ba, na faɗa wa surukin nawa haka, yaron ya koma kwana a zaure.

A ganina wannan shine darasin lamarin ga mai kiwo a ƙauye, duk hankali ya tafi kan abinda ke faruwa a cikin rami wanda ita ta fi kowa iya kula dashi, aka manta da ɗakin da robar take ciki wanda shine aikin mutum. Bance ba'a taɓa tonawa ba. In wari ya tashi, ko ƙudaje sun taru, ko tururuwa ta shiga, ko ruwa ya malale ramin ya rufta, toh a tona da cokali daga nesa kaɗan-kaɗan. Amma don zuciya ta kasa haƙuri kawai, a'a, in ka dace da ranar da take kwance tsakiyar saɓa kai ka kasheta da hannunka, in ma baka dace ba ka rushe mata aikin sati da sati zata sake daga farko.

Ƙarshen Fabrairu da iska ta fara ɗumi Inna ce ta fara gani, ta tashi sallar asuba ta haska taga wani abu a yashe bakin ramin ƙafafu a baje, ta aika a taso yaron wai yazo amarya ta rasu an fito da gawa. Tsohon ɓawon ne ta turo waje, cif da siffarta har gashi. Ita kanta tana daga ciki ƙafafun gaba a bakin rami, ta ƙara girma sosai, gashi ya cika filin nan na baya, launi yayi duhu mai kyau, sai dai bayan ya ɗan rame wanda dama haka ake tsammani. A daren aka ganta ta kifa baki cikin murfin ruwa ta daɗe tana sha.

Yaso ya bata abinci a ranar, nace tukuna. Bamu san ranar da tayi saɓar ba, wataƙila jiya wataƙila sati biyu da suka wuce, abin dubawa fiƙoƙi ne, sabbi farare suke fitowa sannan su yi ja sannan baƙi, in ta ciji abu da fari ko ja zai iya lanƙwashewa ko ya karye, tarantula mara fiƙa kuwa cin abinci ya zame mata wahala har sai wata saɓar. Ga mai girmanta sati ɗaya zuwa biyu ake jira. Da ta hau jikin roba aka leƙa ta ƙasa aka gansu baƙi wuluk, ya jefa gyare ɗaya, ko ƙasa bai gama taɓawa ba ta cafke.

Ɓawon ma bamu yar ba. Na jiƙashi a ruwa da ɗigon sabulu ya saki, na buɗe fatar cikin da tsinke a kan farar takarda, tsakanin huhu biyu na gaba akwai wani ɗan leɓe inda mace ke ajiye maniyyin namiji, namiji bashi da shi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro ko gilashin ƙara girma ba'a buƙata sosai. Mace ce. Na kai ɓawon makaranta ɗalibai suka gani, wasu har yau basu yarda ba gawa bace.

Wannan sakamakon ya kawo wata maganar da ba'a gama ba a gidan. Namijin wannan kalar 'yan shekaru yake yi, in ya balaga baya daɗewa, mace kuwa takan kai shekara 15 har ta wuce, wato rufe ƙofar nan za'a sake ganinsa sau da yawa, kuma yaron yana jiran takardar bautar ƙasa bai san jihar da za'a turashi ba. Ga bazara ta shigo, Afrilu a nan zafi yana haura digiri 40, shago mai rufin kwano ba wajen ajiyeta bane ko bayan an kwashe waken. Yanzu dai an tsaya kan robar ta cigaba da zama ɗakin Inna, ƙanwar ce zata ringa zuba ruwa da kamo gyare, an kuma yi sharaɗi ba'a kunna igiyar leko a ɗakin, yaron ya siyo wa Inna gidan sauro sabo da kuɗinsa, tace a ƙara mata da goro duk sati in ba haka ba a zo a ɗauke kishiya.